Kwana Huɗun da Na Tsare Ruwan Darzuma

Da sunan Allah wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya shimfiɗa ƙasa ba turke, ya ɓoye ruwa a cikin dutse don mai haƙuri ya tono. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ku matso kusa, don muryata ta tsufa, ba ta kai bakin zaure. Ni ne Tunau ɗan Ranau, mahaƙin rijiya, ɗan mahaƙi, jikan mahaƙi. Na taka ƙasashen da ayari bai san sunansu ba, na sha ruwan da ya fi zuma, na sha wanda raƙumi ya ƙi. Abin da zan faɗa muku, wani da idona na gani, wani da hannuna na aikata, kuma na biyun ya fi nauyi.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da yayana Shekarau. Shi kansa na littafi ne, ni kunnena na ƙasa ne: in na kwanta na kafa kunne, ina jin motsin ruwa ko yana gaba ashirin a ƙarƙashina. Garinmu Kwarin Gawo, dagacinmu kuwa mutum ne da ya fi son dawaki a kan mutane. Wata damina ya sa babanmu ya shiga tsohuwar rijiyar bargarsa ya yashe ta. Baba ya ce masa ƙasa ta jiƙe, a bari sai kaka. Dagaci ya ce dawakinsa ba su san kaka ba. Baba ya shiga da hantsi, kafin azahar rijiya ta rufta. Muka kai ƙara, alƙali ya ce ƙaddara ce, ya yi mana ta'aziyya mai tsawo. Da muka fito muka ga sabon doki ɗaure a ƙofar gidansa.

Ranar sadakar arba'in Shekarau ya ce ba zai ƙara shekara a inda ran mutum bai kai na dabba ba. Ya ce duniya da faɗi take, ba zai yiwu a ce babu ƙasar da aka gane yadda ake riƙon jama'a ba, shi zai je ya gano ya dawo da shi. Na ce masa ni ban san mulki ba, amma duk inda za shi zai buƙaci ruwa. Na ɗauki diga da guga da igiya, ya rataya gafakarsa, muka sa gabas a gaba.

Wata bakwai muna tafiya. Muka ratsa wani faƙo mai sheƙi kamar madubi, inda rana ke dukan mutum ta sama da ta ƙasa, sai da muka ɗaure idanu da baƙin ƙyalle muna bin iska. Muka wuce dajin da itatuwansa ke sunkuyowa da la'asar su sha a kogi kamar shanu. Daga nan muka faɗa ƙasar da ake kira Ba-Mai-Iko.

Kakannin mutanen wannan ƙasa sun kori sarkinsu, suka rantse da ƙarfe cewa ba wanda zai sake ba wani umarni har abada. Ba dogari a ƙofa, ba wanda ya tambaye mu daga ina. Yayana ya yi ta murna, ya ce ga shi mun iso tun takalminmu bai ƙare ba. Ni dai abin da na lura, kowane gida katangarsa ta fi rimi tsawo, hanyoyi kuwa duk ramuka, don hanya ba ta kowa ba ce. A kasuwa kowa da mudunsa yake zuwa.

Rana ta uku wani mutum mai suna Gagarau, mai 'ya'ya maza goma sha ɗaya, ya hangi digata, ya kira mu shan fura. Muna shiga aka mayar da ƙyaure. Ya ce ba zan fita ba sai na haƙa masa rijiya mai zurfin da za ta tsotse ta maƙwabcinsa. Shekarau ya hau kan turmi ya yi ta kiran mutane ta saman katanga. Wani ya amsa daga waje, ba da mugunta ba, ya ce a ƙasarsu ba mai shiga tsakanin mutum da abin da ke cikin katangarsa.

Na ce wa Gagarau to, amma sai yayana ya sauka tare da ni yana cika guga. Na haƙa gaba takwas zuwa ƙasa, sannan na juya na dinga haƙa a kwance. Kullum sai in tsiyaya ruwan goranmu a kan yashin ƙarshe in aika sama, su ga danshi su yi ta murna. Rana ta goma sha tara, da rana tsaka, muka ɓullo a wani kwazazzabo bayan gari, su kuwa suna can suna jiran guga. Sai da muka yi nisa yayana ya yi magana. Ya ce, “Ba korar sarki suka yi ba, Tunau. Gutsuttsura shi suka yi, kowane gida ya ɗauki yanki.”

Muka iso Baƙin Kogi, wanda ba a hango gaɓarsa ta ƙetare. Masu fito a wurin ba su da jirgi, kififfiya suke kiwo, kowacce bayanta ya kai faɗin masussuka. A kan ɗaya muka ƙetare zuwa Birnin Tukunya Ɗaya.

Mutum goma sha biyu ke mulkin birnin, ana ce musu Masu Ludayi. Duk hatsin ƙasar rumbunsu yake shiga, duk abincin birnin a fili ɗaya ake dafa shi, cikin tukwanen da mutum biyu za su zauna a ciki. Makaho da maƙeri ludayinsu ɗaya. Ba mai kwana da yunwa, ba mai kulle ƙofa. Shekarau ya tsaya yana kallon wani kuturu ana zuba masa daidai da kowa, hawaye ya zubo masa. Ni ma na ce ko mun iso.

Amma sana'a a can da ƙuri'a ake rabawa. Ni aka ba ni gurzar auduga, alhali rijiyoyinsu duk laka. Na ce zan iya gyarawa, aka ce ƙuri'a ba ta kuskure. Masallacin birnin an mayar da shi rumbu, don Masu Ludayi sun ce salla tana raba kan mutane. Kusa da ni a wurin gurza akwai wata tsohuwa, Iya Delu, wadda in rana ta karkata sai hannunta ya tsaya, leɓɓanta su dinga motsi, ta ɗan sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi. Shekara talatin ke nan tana salla da ido.

Yayana ya daure wata biyu. Wata Juma'a ya hau kan rumbun nan ya kira salla da iyakar muryarsa. Mutum tara suka fito, Iya Delu a cikinsu tana dogara sanda. Ba a doki kowa ba. Masu Ludayi suka ce kawai a ɗauke wa taran nan ludayi kwana bakwai, a birnin da ba gidan da ke da ƙwayar gero ko murhu. Tsohuwar ta cika a rana ta biyar. Mu baƙi kuwa aka ce a kai mu ramin gishiri, inda ba a dawowa.

Wanda aka sa ya tsare mu ashe ɗan Iya Delu ne. Ya kwance mu, ya kai mu bakin kogi inda ake zubar da tukwanen da suka tsage, ya juya baya. Na liƙe tsagar wata da yumɓu, muka shiga, muka tura. Kwana uku ruwa na juya mu. A na huɗu yayana ya ce wanda ya riƙe cikin mutum ya riƙe harshensa. Ya kuma rantse, in Allah ya taɓa ba shi iko ko na tafin hannu ne, ba za a ɓoye sunan Allah a ƙarƙashinsa ba. Na ce amin, ban san abin da nake amsawa ba.

Tukunya ta fashe da mu a gindin dutsen Darzuma, a nan kuma tafiyarmu ta tsaya.

Darzuma birni ne hawa biyu, Tudu a sama, Kwari a ƙasa, matakala ɗari uku tsakaninsu. A ƙolin dutsen akwai kogo da ruwa ke fitowa, Idon Dutse, mai ɗumi da hunturu, mai sanyi da bazara, cike da fararen kifaye marasa ido. Ruwan yana taruwa a wani babban tafki da aka tare da bangon dutse, mai ƙofa biyu: ƙarama ta Tudu, babba ta Kwari. Mutanen Tudu Musulmi ne. Mutanen Kwari ana ce musu Tsamiyawa, don suna yanka a gindin wata tsohuwar tsamiya da mutum arba'in ba sa kewaye ta da hannu.

Sarkinsu, Anaruwa, tsoho ne Musulmi, a kan buzu yake zama a bakin tafkin. Shekarau ya gaishe shi ya tambaye shi mene ne aikin sarki. Tsohon ya ce, “Uku aka ba ni, malam. Ruwa ya isa kowa, hanya ta yi lafiya, mai ƙarfi kada ya taka marar ƙarfi. Zuciya kuwa ba a ba ni mabuɗinta ba.” Yayana ya ce to mutanen Kwari fa, Allah ba zai tambaye shi su ba? Sarki ya ce duk shekara yana sauka ya kira su zuwa ga gaskiya, su saurare shi, su dama masa fura, ya hau ya dawo. Amsar ba ta gamsar da yayana ba, amma ya zauna.

Ni na shiga ƙarƙashin Sarkin Ruwa, Nomau, Batsamiye ne gajere mai yawan dariya, wanda ya san kowane dutse a bangon nan kamar haƙoransa. Shekarau kuwa ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar matakala ya buɗe makaranta. Ba ya duka, ba ya zagin abin da kowa ke bauta wa. Mutanen Kwari suka dinga hawowa da ƙafarsu, wasu don rubutu, wasu don labarin annabawa, wasu kuma suka miƙa wuya. A cikinsu har da Yalwa, 'yar Nomau. Ranar da ta musulunta ubanta ya yi kwana biyu bai ci abinci ba, sannan ya ce ruwa inda ya ga gangare yake bi, ba za a yi masa faɗa ba. Bayan shekara ya ba ni aurenta.

Ba zan tsawaita muku a kan Yalwa ba, don har yau ƙirjina ba ya ɗauka. Doguwa ce, in za ta yi dariya sai ta fara rufe ido. Ranar bikin tsamiya takan sauka ta taya uwarta, Inna Gwamma, daka da girki, ba ta cin naman yankan, su ma ba sa miƙa mata. Mun yi shekaru ba haihuwa, ba ta taɓa ɗaga mini hankali ba, ni ma haka.

A shekara ta biyar Sarki Anaruwa ya rasu bai bar ɗa ba. Manyan gidajen Tudu biyu suka kusa zare takubba, sai dattawa suka ce a naɗa baƙon malamin nan da ba ya gidan kowa. Mutanen Kwari suka fi kowa murna. Nomau ma a shekarar ƙafafunsa suka gaza, ya damƙa mini ƙofofin ruwa. Shekara biyu yayana ya yi mulkin da ban taɓa ganin irinsa ba. Rigarsa ɗaya. Ya taɓa karɓe gona daga hannun limamin Tudu ya mayar wa wata gwauruwar Kwari. A shekara ta bakwai kuma Yalwa ta sami ciki.

Sai Idon Dutse ya fara ja baya. Tafki ya sauka, fararen kifaye suka taso ciki a sama. Wasu malaman da suka kewaye yayana suka ce jinin da ake zubarwa a gindin tsamiya ne ya jawo. Nomau ya sa aka ɗauko shi a kan jaki ya ce an taɓa yin haka a zamanin kakansa: dutse ne ya faɗo ya toshe maƙogwaron kogon, ruwa na nan a baya yana taruwa, aikin wata uku ne a fasa shi a hankali. Na kafa kunne, na ji gaskiyarsa. Shekarau ya ce duka biyun suna iya zama gaskiya. A lokacin ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya gaya mini kullum yana ganin an tsayar da shi ana kiran mutanen Kwari ɗaya bayan ɗaya ana tambayarsa me ya yi da ikon da aka ba shi.

Ya ba da umarni a sare tsamiya. Mutanen Kwari suka fito suka zauna kewaye da ita, har da da yawa daga waɗanda suka musulunta a hannunsa. Waɗannan suka aiko masa cewa su ba sa bauta mata, amma iyayensu na kwance a ƙarƙashinta. Shekarau ya ce ba za a zubar da jini ba. Sai wani a fada ya ce ai akwai hanyar da ba takobi ba jini: a rufe musu ruwa, ƙishin yini ɗaya zai tashe su.

Da safe ya same ni a bakin tafki, shi kaɗai. Ya ce in sauke ƙofar Kwari.

Na ce, “Da wa nake magana, da yayana ko da sarki?”

Ya ce da duka biyun.

Na tuna masa da Iya Delu da ludayin da aka ɗauke mata. Ya ce su Masu Ludayi sun hana abinci don su raba mutane da Allah, shi zai tsare ruwa don ya kai su gare shi. Na ce maƙoshi ba ya tambayar dalili. Sannan na gaya masa abin da Nomau ya koya mini: babbar ƙofa ba ta sha ba ce kawai, ita ce numfashin tafkin. In dutsen da ya toshe kogon ya saki tana rufe, bango ba zai ɗauka ba. Na ce, “Yaya, Baba ya ce wa dagaci ƙasa ta jiƙe. Ni ina ce maka bango ya tsufa.”

Fuskarsa ta canza. Ya ce, “Kada ka haɗa ni da wannan mutumin.” Sannan ya dafa kafaɗata ya ce yini ɗaya ne kawai, kafin gobe da azahar za su tashi, a sare itacen, a buɗe ruwa, kowa ya huta. Ya ce in ban yi ba wasu za su yi, waɗanda ba su san ƙofar ba, su karya ta.

Na sauke ta. Ba wanda ya ɗora mini takobi a wuya. Na kira mutum uku muka saki igiyar, ƙofa ta zauna, magudanar Kwari ta yi tsit.

Rana ta farko ba su tashi ba. Rana ta biyu matan Kwari suka hawo matakala da tulunansu ba komai a ciki, dogarai suka mayar da su. Da na koma gida Yalwa ta ajiye mini tuwo da miya, ba ta ajiye ruwa ba. Ban tambaya ba. Rana ta uku ta cika tulu a randarmu ta ɗora a ka, da cikin wata bakwai, ta sauka. Dogarai ba su iya tare matar ƙanin sarki ba. Sau shida ta sauka ta hawo a ranar. Kafin la'asar wasu matan Tudu suka bi bayanta da nasu tulunan, mazansu suna kallo ba su hana ba. Na je wa Shekarau sau biyu, ya ce ƙarin yini ɗaya, sun kusa.

Rana ta huɗu da sassafe Yalwa ta ce mini ubanta ya kwanta, duk ruwan da ta kai masa jikokinsa yake ba, za ta zauna a wurinsa ta ga ya sha. Na ce ta dubi halin da take ciki. Ta tsaya da tulu a ka ta ce, “Maigida, ni da na yi imani ba ruwa aka hana ni ba. Allo yayanka ya miƙo mini da hannu biyu. Ka gaya masa ina gaishe da wancan malamin.” Ta fita. Na bi ta da ido har ta sha kwanar matakala.

Da hantsi na kafa kunne a jikin dutse kamar yadda nake yi kullum. Na ji abin da ban taɓa ji ba, kamar garken shanu na gudu a cikin ƙasa. Na ruga wurin ƙofa. Ɗaga ta sai mutum huɗu, dogaran da ke gadi kuwa suka ce sai da izinin sarki. Na ruga fada. Shekarau na tsakiyar shari'a, ya dubi fuskata sau ɗaya, ya miƙe ya biyo ni da gudu ba takalmi. Mu biyu da dogarai biyu muka kama igiya. Ƙofa ta ɗaga taƙi ɗaya, kogo ya yi ruri.

Ruwan ja ne, ɗauke da duwatsu kamar bukkoki. Kafin mutum ya gama alwala tafki ya cika ya tumbatsa. Bango ya buɗe ta ɓangaren Kwari. Mu muna tsaye a kafaɗar Tudu, igiya a hannunmu, muna kallo.

Waɗanda ke zaune a gindin tsamiya sun tsira. Ban ce itace na da iko ba. Tudun da take a kai ya fi ko'ina tsayi a Kwari. Waɗanda ruwa ya ci su ne na cikin gidaje: tsofaffi, marasa lafiya, jarirai, da masu jinyarsu. Mutum ɗari biyu da goma sha uku.

Na kafa kunne a kan laka inda gidan Nomau yake, ni da ke jin ruwa gaba ashirin, ban ji komai ba. Washegari na tono su a ɗaki ɗaya, Yalwa na rungume da kan ubanta. Shekarau da hannu ya dinga tono har faratansa suka ciccire. Da ya ga gawarta ya kwance rawaninsa, ya shimfiɗa shi a kan laka gaban dattawan Kwari, ya durƙusa ya ce su yanke masa hukuncin da suka ga dama. Samari suka fara matsowa da tabare. Inna Gwamma, wadda ta tsira a gindin tsamiya, ta shiga tsakani. Ta ce kashe shi ba zai tono kowa ba, a ba shi diga. Kwana goma sha ɗaya yana tono tare da mu, yana haƙa kaburbura a inuwar itacen da ya sa a sare.

Amma ranar da aka tono Yalwa an kusa yin wani sabon jini. Malaman Tudu suka sauko da makara za su hau da ita maƙabartar Musulmi. Mazan Kwari suka tare matakala, suka ce an ɗauke musu ita da rai, ba za a ɗauke ta a mace ba. Ni na zauna a ƙasa kusa da ita, ba ni da bakin magana a kowane ɓangare. Inna Gwamma ce ta kira mata biyu na Tudu ta ce su nuna mata yadda Musulmi ke wanka, ta wanke 'yarta da hannunta yadda suka nuna, ta sa mata likkafani. Sannan ta fito ta ce, “Shekara bakwai tana sallarku ban hana ta ba, ba zan hana ta yau ba. Ku yi mata a nan, a gabana. Amma kusa da ubanta za ta kwanta.” Malamai suka dubi juna. Suka ajiye makara.

Inna Gwamma ta ce wanda ya koya wa Yalwa karatu shi zai ja sallar. Shekarau ya shiga gaba, laka har gwiwa, ya ɗaga hannu don kabbara, murya ta ƙi fita. Ya sake, ta ƙi. A na uku ya sauke hannu, ya ratsa sahu ya koma can ƙarshe. Ni na shiga gaba na yi wa matata salla, ita da abin da ke cikinta. Mutanen Kwari suka tsaya a bayanmu shiru har muka sallame, sannan matansu suka ɗaga nasu kukan.

Yayana bai sake naɗa rawani ba. Dattawa goma, biyar daga kowane hawa, suka riƙe birnin, kullum cikin gardama. Makarantar matakala ta watse. Wasu daga cikin almajiransa na Kwari suka ci gaba da salla a gidajensu, wasu suka daina, allunansu suka yi ta ruɓewa a jikin bango ba mai ɗauka. Wannan ya fi komai cin ransa. Ya shiga cikin masu ɗaukar dutse don gina sabon bango, yana aiki kamar mai neman jikinsa ya ƙare. Da damina ta faɗi zazzaɓi ya kama shi, ya yi kwana shida ya cika a hannuna. Mutum kaɗan suka zo daga Tudu. Daga Kwari gwauruwar nan da ya mayar wa gona ita kaɗai ta hawo, ta tsaya daga nesa har aka gama.

Na zauna shekara guda har bango ya tashi. Na koya wa mutum biyu aikin ƙofofi, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa, na ɗaure kayana. Dattawa suka ce in zauna, na ce ba zan iya shan ruwan birnin ba.

Inna Gwamma ta raka ni har gindin dutse, ta ɗaura mini dakakken gero a ƙyalle. Tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da ita ba, ranar na durƙusa na dube ta na ce, “Inna, ki yafe mini. Da hannuna na sauke ƙofar.”

Ta dubi kogi. Sannan ta ce, “Na yafe maka nawa biyun, ɗan nan, da na ukun da ban gani ba. Sauran ba a hannuna suke ba.”

Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ban koma Kwarin Gawo ba, don ban samo musu abin da muka fita nema ba. Gari gari nake bi ina haƙa rijiya, a bakin hanya nake haƙawa, inda ba katanga. A nan hikayar Tunau ɗan Ranau ta tsaya, Allah shi ne masanin daidai. Wanda ya saurara ya yi wa Yalwa addu'a, in da sauran wuri a zuciyarsa ya sa da yayana. Ni kuwa ku bar ni da Mai gafara.